Malamin da Ba Ya Karɓar "Haka Na Ji"

Duk wanda ya zauna a zauren malami a ƙasar Gumel ya san Ahalari, littafin tsarki da salla. Amma kaɗan ne suka san mai shi, Shehu Abdurrahman, mutumin Aljeriya, ya tsara wani littafi, Sullamu, a shekara ta 941 ta Hijira, kan ilmin manɗiƙi, watau auna hujja, wanda asalinsa daga Yunan ne.

Shi wani malami ya karantar a wata babbar makaranta a Kano, samarin Gumel da Gagarawa kuwa sun ɗanɗana a hannunsa. Hadda ba ta fid da kowa. In ɗalibi ya ce, "Haka na ji," sai ya ce, "Wanda ya faɗa maka, mene ne dalilinsa?" Ya kan bar yaro tsaye, gumi na zuba, har a buga ƙararrawa. Tsananin dai ya yi yawa, gama akwai waɗanda suka gudu ba su komo ba. Wani ɗan Sule Tankarkar, mahaddaci, ya faɗi jarrabawa sau biyu, ya ɗaure akwati, da ƙyar aka tsai da shi.

Daga baya ya zama muhutin alƙali. Ran wata Alhamis, kasuwar Maigatari na ci, aka kawo wani makiyayi, wai ya saci sa, don an gan shi kusa da turke da dare. Muhuti ya ce, "Allah ya gafarta malam, mai gadi ma da dare ya ke yawo. Wa ya gan shi riƙe da igiya?" Aka nemi shaida, ba a samu ba. Aka sallami makiyayin.