Godiya ga Mutanen Sheshe, Musamman Gwaggo

Ranar Asabar da ta wuce, tsakanin la'asar da magariba, mata sun cika filin makarantar unguwarmu a nan Sheshe, an rera waƙoƙin da mata suka tsara, kuma ba a fara kowace waƙa ba sai da aka faɗi sunan mai ita. Tun daga ranar duk lungun da na bi sai a tare ni da "sannu da ƙoƙari, Malama", har kunya ta fara kama ni, don nawa aikin bai wuce zirga-zirga da roƙo ba. Bari in mayar da yabon gidajen masu shi.

Abin ya samo asali ne a aji. Na ce wa ɗalibaina 'yan mata su lissafo mini mawaƙan Hausa na da. Nan da nan suka jero Shata, Ɗanƙwairo, Narambaɗa, Ɗan Maraya Jos. Na ce to mata fa? Wata ta ce Barmani Choge, daga nan aji ya yi tsit. Alhali yaran nan da waƙar mata aka yi renonsu, da ita aka yi daka a gidajensu, da ita aka kai yayyensu ɗakin miji. Ta namiji a ce waƙar wane, ta mace kuwa a ce waƙar mata ce kawai, kamar daga sama ta faɗo.

Godiyata ta farko taki ce, Gwaggo. Na san kin ajiye ƙwarya tun dawowarki daga Makka, kuma ban manta kallon da kika yi mini ba ranar da na zo da maganar shirya wannan taro. "Ke 'yar nan, da jikokina a gari za ki fito da ni fili?" Na koma gida na fid da rai. Kwana uku sai ga aike: a sayo ƙore huɗu a Kasuwar Kurmi, masu kauri, ban da wanda aka yi wa zane, don na ado ba ya amo.

Mako biyar kina zaune da yaran nan a tsakar gidanki. Ni kaina a nan na koyi abin da ban sani ba. Kin zuba ruwa a babban baho, kin kifa ƙwarya a kai, kin ɗan karkata bakinta iska ta fita, kin buga, kin girgiza kai, kin ɗaga ta kin sake kifawa. Sai a karo na uku kika ce "yauwa". Ashe yawan iskar da ke ƙarƙashin ƙwaryar shi ke sa amon ya yi zurfi ko ya yi sama, kuma kunne ne kaɗai ma'auninsa. Yarinyar da kika ba shantu kuwa ta sha faɗa, don tana buga shi a cinya tana mantawa da tafin hannun da ke rufe bakinsa na sama. Kin ce a zamaninku, lokacin da sunan Uwaliya Mai Amada ke tashe a birnin nan, 'yar amshin da ta yi sakaci irin wannan ba ta cin rabon liƙi. Yaran suka yi dariya, ke ba ki yi ba.

Ana saura kwana biyu babbar ƙwaryar ta tsage. Ina godiya ga tsohon gyartan da aka nemo mana, wanda ya ɗinke ta a zauren gidanmu, ya ƙi karɓar ko kwabo. Ya ce rabon da a kawo masa ƙwaryar kiɗa har ya manta, yanzu roba ta kashe musu kasuwa.

Baba Mai Unguwa, Allah ya ƙara girma. Kun saurare ni har na gama, sannan kuka kafa sharaɗi: a tashi kafin kiran magariba, maza su tsaya daga bakin ƙofa, kuma a tace baitocin da ba su dace da kunnen yara ba. Na ƙarshen ya ɗan sosa mini rai, don rabin daɗin Barmani a rashin kunyar bakinta yake, musamman in ta juya kan kishiya. Amma na bi, kuma ban yi asara ba. Muka ɗauki waƙoƙinta masu zaburar da mata su kama sana'a, na kuma ga masu ƙosai da masu kitso suna liƙi da kuɗin hannunsu. Barmani, matar nan ta Funtuwa, ta rasu a 2013, yawancin yaran da suka yi amshin waƙoƙinta ranar ba su isa tuna ta ba.

Malamar Islamiyyar matan aure ita ta ba taron nauyinsa. Da farko na ji tsoron ko za ta ƙi zama wuri ɗaya da masu ƙwarya. Sai ta ce ita za ta buɗe, da waƙen Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ba kiɗa, murya zalla. Ta yi wa mata bayanin cewa Nana, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, kuma tana naɗa wa mata jagorori da ake kira jaji malfa su kai waƙoƙinta ƙauyuka su koyar da 'yan'uwansu mata, abin da ake kira 'Yan Taru. Wata tsohuwa a gefena ta ce tun tana yarinya take jin wannan karin a bakin kakarta, ba ta taɓa sanin na Nana ba ne.

Haka kuma ina godiya ga tsohon malamina na Jami'ar Bayero da ya ara mini kwafinsa na littafin Alƙalami a Hannun Mata, wanda aka buga a Zariya a 1983, mai ɗauke da waƙoƙin Hauwa Gwaram da Hajiya 'Yar Shehu. Bangonsa ya yi laushi, sai da na sa shi a leda. Shi ya ba ni labarin wata Bajamushiya, Fanny Mendelssohn, wadda aka buga waƙoƙinta shida da sunan ƙanenta Felix, har Sarauniya Biktoriya ta Ingila ta yaba ɗaya a gabansa a 1842, dole ya amsa cewa ta yayarsa ce. Na faɗa wa Gwaggo, ta ce ai shi ya yi ƙoƙari da ya faɗa.

Saura samarin unguwa. Da aka ɗauke wuta ana tsakiyar amada, kafin in juya sun tayar da janareton mai shagon caji, sun koma bakin ƙofa inda aka ajiye su. Maƙwabtan da suka fito da tabarmi da kujeru, da wadda ta dama kunun zaƙi cikin tulu biyu ba a tambaye ta ba, da zabiyar da ta rangaɗa guɗa har sai da tantabaru suka tashi daga kan soro, Allah ya saka wa kowa da alheri, ya bar zumunci.

Gwaggo, ƙorenki na wurina, na wanke na kife su a inuwa kamar yadda kika ce. Yaran sun tambaya ko za su ci gaba da zuwa ranar Alhamis, na ce sai na ji daga bakinki. Akwai kuma tabarma ɗaya mai jan baki da har yau ba a zo ɗauka ba, tana zauren gidanmu.