Kyaftin Ɗinmu da Ɗan Mai Faci

Mu aka ba damar wannan makon, muna godiya ga shugabannin zaure. Da niyyarmu mu yi magana a kan yadda ake gina tauraro a labari, to da muka zauna rubutawa sai alƙalamin ya karkata wani wajen, duk da dai bai yi nisa da inda muka nufa ba. A yi mana uzuri in an ga mun ja.

Mu bakwai ne a majalisarmu, a bakin wani shagon faci da ke kwanar layinmu. Mai shagon dattijo ne, ya haura shekara talatin yana liƙe tayar keke da babur, kuma babban ɗansa shi ne mafi tsayi a cikinmu. Ba za mu faɗi sunansa ba, mu bar shi a ɗan mai faci, don da haka aka fi saninsa. Shekarar da muke magana, da aka buɗe shafin ɗaukar kuratan soja, mu biyar muka ɗunguma kafe muka cike fom. Ba mu yi wa juna ƙarya game da dalili ba, kuma ba za mu yi muku ba. Babu wanda ya ambaci kishin ƙasa a ranar. Mun gama sakandare, biyu daga cikinmu mun fara difloma da kuɗin karo-karo, aiki babu, fom ɗin kuma kyauta ne. Sharuɗɗan ma ba su fi ƙarfin ɗan talaka ba: shekara 18 zuwa 22, tsayin da bai gaza mita 1.68 ba, sakamakon jarrabawar gama sakandare, da takardar shaidar ƙaramar hukuma. Biyun da ba su bi mu kafen ba, ɗaya mahaifinsa na da shaguna a kasuwa, ɗayan an riga an biya masa kuɗin jami'a. Har gobe abokanmu ne, kuma ba su yi laifin komai ba.

Mu dai tun a wajen awon tsayi aka sallame mu, muka dawo gida ana yi mana tsiya. Wani ya faɗi a gudu, wani a gwajin lafiya, wani bai ga sunansa ba sam. Ɗan mai faci kaɗai aka ɗauka. Ya yi wata shida a daffon horar da kurata na Zariya, ranar da aka yaye su muka haɗa kuɗin mota muka je. Baba mai faci ya sa babbar rigarsa ta Sallah. Da ya hango ɗan nasa cikin kaki, ya rame ya yi baƙi, kansa ƙwal, sai ya juya baya yana gyara hula ya daɗe bai juyo ba. A hanyar dawowa abin da ya yi ta maimaitawa shi ne, yanzu ƙannensa za su yi karatu.

Ba a tilasta wa kowa shiga soja a Nijeriya, haka ake faɗa, kuma gaskiya ne a takarda. Amma duk wanda ya taɓa tsayawa a layin tantance kurata ya dubi takalman da ke ƙafafun mutanen layin, ya san akwai abin da ke koro su. A Amurka, lokacin yaƙin basasarsu, an yi doka a 1863 da ta tilasta wa maza zuwa fagen daga, sai dai wanda ke da dala 300 yana iya biya ya zauna a gida, ko ya ɗauki hayar wani ya tafi a madadinsa. Su ko ba komai sun rubuta farashin a fili. A wannan shekarar ta 1863 ce kuma wani Bature mai suna Glover ya tara Hausawa 18 a Legas ya ba su bindiga, kuma daga wannan ƙaramar runduna sojan Nijeriya ke ƙirga tarihinsa. Ba 'ya'yan sarakuna ya tara ba, galibinsu mutane ne da suka tsero daga bauta, ba su da gona ba su da dangi a kusa.

Da yaƙin Hitila ya zo, aka kwashi dubban samari daga ƙasar nan zuwa dazukan Bama, a runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, kuma Hausa ce harshen da ya haɗa da yawansu. Ta hannun sarakuna da hakimai ake neman mutanen, kuma kowa ya san ɗan wa dagaci zai fara nunawa idan aka ce ya kawo mutum goma. Waɗanda ba a kai Bama ba aka tura wasunsu haƙar kuza a Jos, aikin tilas ɗin da kakanni ke kira ɗiban gwamna. Hafsoshin kusan duk Turawa ne, sai bayan an gama yaƙin aka fara ɗaura wa ɗan Nijeriya anini. Barikin da abokinmu ya yi horo ma sunansa Chindit, sunan wata runduna ce ta wancan yaƙin na Bama.

A garin na Zariya kuma akwai wata ƙofar. Kwalejin Barewa, inda Yakubu Gowon da Murtala Muhammad suka yi karatu kafin su shiga soja a matsayin hafsoshi, daga baya dukansu suka mulki ƙasar. Tun 1964 da aka buɗe NDA a Kaduna, can ake bi a fito da anini a kafaɗa, daga baya har da digiri a hannu. Gari ɗaya, kaki iri ɗaya, amma wanda ya shiga ta wannan ƙofar yana iya ƙarewa a Majalisar Dattawa, wanda ya shiga ta waccan yakan ƙare irin maigadin makarantarmu ta firamare, wani tsoho mai ɗingishi da ya yi yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, wanda muke tsokana yana bin mu da sanda. Allah Ya yafe mana.

To ga inda abin ya shafe mu marubuta. A shekarar da aka tura ɗan mai faci Borno, a shekarar muka fara sakin littafinmu na farko a WhatsApp, shafi-shafi. Tauraron littafin soja ne. Kun riga kun san shi ko ba mu faɗa ba, don kusan kowa a zauren nan ya taɓa rubuta shi ko karanta shi. Kyaftin ne, ɗan shekara ashirin da takwas, dogo, fari, miskili, ba ya dariya. Mahaifinsa tsohon Janar ne mai gida a Maitama. Idan zai fita motoci biyar ke take masa baya, ƙananan sojoji na rige-rigen buɗe masa ƙofa. Ya je yaƙi sau ɗaya a babi na tara, ya gama da 'yan ta'adda a layi shida, ya dawo da ɗan rauni a dantse domin tauraruwa ta samu abin ɗaurewa. Masu karatu suka yi ta yabo, mu kuma kai ya kumbura.

Ashe abokinmu na bin labarin. Inda suke babu sabis sai an hau wani tudu, to duk ranar da ya samu hawa yakan sauke shafukan da suka taru ya karanta wa abokan aikinsa da dare. Wata rana ya aiko mana da saƙon murya na minti huɗu, har yanzu yana wayarmu. Da dariya ya fara, ana jin wasu ma na dariya a bayansa. Ya ce malam marubuci, don Allah wane bariki ne wannan Kyaftin ɗin naku yake, mu nemi canjin wajen aiki? Ya ce Kyaftin ɗinsu na gaske a rami ɗaya suke kwana da shi, kuma ya fi su ramewa. Sai ya ce ya ƙirga, an ambaci ƙananan sojoji sau goma sha ɗaya a littafin, sau bakwai suna buɗe mota, sau uku suna sa wani tsallen kwaɗo, sau ɗaya an ce "sojoji da dama sun mutu" aka wuce zuwa bikin kamu. Ya ce ko ɗaya ba ku ba shi suna ba. Bai faɗa da fushi ba, da ma ba mai fushi ba ne. Ya rufe da cewa a gaida Baba, a ce masa kuɗin wannan watan za su ɗan makara.

Mun mayar masa da alamar dariya guda uku, muka ce a littafi na gaba za a gyara.

Wata biyar bayan nan wani abokin aikinsa ya kira lambar Baba da asuba. Motarsu ce ta taka nakiya. Can aka binne shi, mu nan muka yi zaman makoki ba gawa, a kan tabarmin da muka saba shimfiɗawa a bakin shago. Mahaifiyarsa har yau ba ta ga kabarinsa ba. Ya bar mata da jaririya 'yar wata bakwai, auren da muka sha rawa a wajensa. Baba ya rufe shago ya fi sau nawa yana tafiya da takardu a leda daga wannan ofis zuwa wancan, kuma kowace tafiya kuɗin mota ce da ya kamata a ci abinci da ita.

Kada a ce mun yi rashin adalci: hafsoshi ma suna mutuwa. Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali, wanda aka kashe a Malam Fatori a Nuwamba 2016, ɗan sarki ne kuma ɗan tsohon Birgediya, da ya so zama a inuwa da ya samu. Birgediya Janar Dzarma Zirkusu ya faɗi a Askira Uba a Nuwamba 2021. Allah Ya saka musu. Amma ku lura da yadda sunayensu suka zo mana a sauƙaƙe. A harin Metele na 18 ga Nuwamba 2018, rundunar soja ta ce mutum 23 aka kashe, jaridu suka ce adadin ya fi haka nesa ba kusa ba. Kwamandan bataliyar, Laftanar Kanar Ibrahim Sakaba, yana cikinsu kuma an san sunansa. A zauren nan mu sama da dubu ne, wa zai iya kawo sunan farabiti ɗaya da ya mutu a Metele? Mu ma ba za mu iya ba. Lokacin da aka fi jin labarin ƙananan sojoji shi ne 2014, sa'ad da kotun soja ta yanke wa 12 hukuncin kisa, daga baya ta ƙara da 54, bisa laifin bore. Wasunsu sun ce rashin isassun makamai ne ya hana su fita. A ƙarshen 2015 aka mayar da hukuncin ɗaurin shekara goma.

Ƙasa da farabiti ma akwai wasu. 'Yan kato da gora da suka tashi a Maiduguri a 2013 da sanduna da adduna, 'yan acaɓa ne da teloli da masu sayar da ruwa. Manoman shinkafar Zabarmari da aka yanka a gona a Nuwamba 2020, aka jera gawa 43 a jana'iza ɗaya, su ko fom ba su cike ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, in ji masu magana. Duk ranar 15 ga Janairu ana ajiye furanni a Abuja a saki fararen tantabaru don tunawa da mazan jiya, masu ajiyewar su shiga mota su tafi.

Mun san hujjar da za a kawo, don mu ma mun kawo ta a taron ƙungiyarmu: mai karatu ya gaji da talauci a gidansa, ba ya son ya sake tarar da shi a littafi. Akwai gaskiya a ciki. Matar da ta wuni tana surfe tana da haƙƙin ta kwanta ta karanta labarin gida mai hawa uku. Ba mu ce kowa ya daina rubuta Kyaftin ba. Abin da ya hana mu barci shi ne, cikin masu karatun namu har da waɗanda ke cikin rami a bakin Tafkin Chadi, sun hau tudu sun ƙona data don su karanta mu, suka duba suka ga kansu riƙe da murfin mota. Kuma mun san abin da ya sa muka rubuta haka. Kyaftin ba ya bukatar bincike, a fim muka gan shi. Farabiti kuwa sai ka je gidansu ka zauna, ka tambayi matarsa yadda take ji idan waya ta yi ƙara da asuba, ka san bambancin mai igiya ɗaya da mai igiya biyu, ka san nawa yake turowa gida da nawa ke rage masa. Duk wannan yana bakin layinmu shekara da shekaru, ba mu taɓa tambaya ba.

Mun fara littafi na biyun. Shekara guda ke nan muna babi na uku. Duk lokacin da muka rubuta sai ya fito kamar takardar ta'aziyya, alhali shi mutum ne mai barkwanci, mai cin bashin tsire, mai goyon bayan Arsenal ko an ci su biyar. Mun je wajen Baba da littafin rubutu don mu yi masa tambayoyi, ya ba mu benci, ya ci gaba da tsoma tiyub a ruwa yana neman inda yake yoyo. Ya ce me za ku rubuta? Yaro ya tafi neman abinci, kwana ya ƙare. Muka yi shiru, shi ma bai ƙara ba.

Ranar Talatar da ta wuce, bayan sallar isha'i, ƙaninsa ya yi mana sallama. Shi ne wanda aka ce zai yi karatu. Ya cika sha tara, ya kusa yayan nasa tsayi. Ya zaro takardunsa daga leda, irin ledar da Baba ke yawo da ita, ya ce Yaya, an ce an buɗe shafi, kuma an ce ku kuka cike wa marigayi. Muka tambaye shi ko Baba ya sani, ya ce Baba ya ce Allah Ya zaɓa abin da ya fi alheri. Muka tambaye shi Inna fa, ya sunkuyar da kai.

Mun ce masa kwamfutar ba caji, ya dawo ranar Asabar.