Takardar da ke ƙasan akwatina

A ƙasan akwatin lefena akwai wata takarda mai kauri, an zagaye gefenta da ruwan gwal, ga jan hatimi kamar na kotu. Sunana ne a jiki, da manyan baƙaƙe. Naira dubu goma sha takwas na biya a kanta a shekarar 2017, kuɗin tunkiyata ɗaya tilo, kuma har yau ko ƙofar kaji ba ta buɗe mini ba.

Ina da shekara ashirin da biyu na fara aiki a wata ƙaramar makarantar kuɗi a nan Riruwai. Rabin aji aka ba ni, 'yan shekara uku zuwa biyar, su arba'in da 'yan kai. A baki sunan aikin koyarwa, a aikace kuwa raino ne: share majina, kai yaro bayi, wanke wandon wanda bai kai ba, raba faɗa a kan ƙosai. Duk wanda ya yi hunturu a garin nan na tsakiyar duwatsu ya san yadda yaro ke zuwa da safe leɓe a tsage, yatsu sun ƙage. Man kaɗanya ba ya rabuwa da jakata. Yara suna ce mini Anti, iyaye suna ce mini Malama, ƙarshen wata mai makaranta ya miƙo mini dubu biyar, idan iyaye sun biya ke nan.

Ban raina ba, sai da N-Power ta zo a 2016. A shirin nan, a lokacin, Gwamnatin Tarayya tana ba mai digiri ko NCE dubu talatin duk wata. Wata abokiyar aikina, wadda in yaro ya fashe da kuka sai ta ƙwala mini kira, ta samu, domin tana da takarda. Na taya ta murna da baki, na koma gida na kasa cin tuwo.

A wannan halin wani mutum ya zo, da babbar riga da jakar hannu, ya ce za a yi bita ta kwana uku a Tudun Wada don masu kula da ƙananan yara, kuma gwamnati ta san da satifiket ɗin. Na sayar da tunkiya, na ratsa dajin Falgore ina ta addu'a. An ba mu shinkafa da lemo, an koya mana waƙoƙi biyu na Turanci, an ɗauke mu hoto. Da na dawo na kai takardar ofishin ilimi, wani dattijon ma'aikaci ya juya ta gaba da baya, ya cire tabarau.

“'Yata, wa ya ba ki wannan?”

Na faɗa masa. Bai yi mini dariya ba, Allah ya saka masa. Ya ce in zauna. Shi ya fara gaya mini cewa a ƙasar nan NCE ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa, kuma akwai hukumar NCCE a Abuja da ke tantance kwalejin da za ta iya ba da ita, sannan akwai TRCN mai yi wa malamai rajista. Ya ce dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ba ta manta da yaran da ba su kai shiga firamare ba, kuma ana ware kuɗin horar da malamai da ke biyowa ta hukumar SUBEB, amma wannan na waɗanda ke cikin makarantun gwamnati ne. Ya ce duk wanda ya zo mini da bita, in tambaye shi wace hukuma ce ta san da shi, kafin in tambayi nawa ne.

Na daɗe ina ba da labarin nan a matsayin wadda aka cuta. Gaskiyar ita ce, rabin cutar ni na yi wa kaina. A lokacin ba ni da kiredit a Lissafi. Na faɗi tun a sakandare, na ɓoye sakamakon, har maigidana na ce masa na ci komai. Na san babu kwalejin da za ta karɓe ni a haka. Mutumin nan mai babbar riga bai nemi ganin sakamakona ba, abin da ya ja ni wurinsa ke nan. Gudun jarrabawa nake yi, na biya kuɗi aka taya ni gudu.

Daren da na gaya wa maigida gaskiya, ya yi shiru har na tsorata. Can ya ce, “To ai sai ki sake.” Ɗan yayata, ɗan aji biyar a sakandare, shi ya zama malamina. Yaron da na goya a bayana yana ce mini, “Inna, ba haka ake yi ba,” ni kuma ina haɗiye girma. Na zauna jarrabawar NECO ta 'yan waje a ƙarshen 2018, na tsallake da ƙyar.

Raina ya so sashen renon ƙananan yara na kwalejin Sa'adatu Rimi da ke Kumbotso. Amma daga Riruwai zuwa Kano, ta Tudun Wada da Kwanar Ɗangora, tafiya ce mai cin rabin yini, kuma zaman can yana nufin barin aiki da barin 'ya'yana biyu. Sai na zaɓi NTI, Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa tun 1976 don irinmu masu aiki a hannu: a ba ka littattafai ka karanta a gida, ƙarshen mako ka je cibiyar karatu. Fannin ilimin firamare na ɗauka.

Saura kuɗi. A nan ma na ɓata wata huɗu ina sintiri a ƙofar gidan wani ɗan siyasa. Abin da na samo turmin atamfa ne da dubu biyu kuɗin mota. Abin da ya biya karatuna ba ya da kwarjini ko kaɗan. Na roƙi uwar adashinmu ta riƙa sa kwasata a watan rajista, ta yarda, ta riƙe mini wannan gurbin shekara bayan shekara. Da kaka, lokacin da masarar Doguwa ta cika kasuwa ta yi arha, nakan sayi buhu biyu in ajiye, in fitar idan damina ta yi nisa. Mai makarantarmu kuma ya biya mini rajistar shekarar farko bisa sharaɗin zan yi masa shekara biyu bayan na gama. Muka rubuta, limamin unguwa ya sa hannu. Rubutun nan ya yi mana rana mu duka.

Kuɗin rajista shi ne ƙaramin abu. Kuɗin mota, kwafin takardu, ladan wadda za ta riƙe mini yara ranar Asabar, kayan gwajin koyarwa, su ne suka riƙa yagar ni kaɗan-kaɗan. Korona ta rufe makarantu a 2020, albashi ya tsaya, na ajiye karatu shekara guda. A 2023 takardun naira suka yi ɓatan dabo, daga baya aka cire tallafin mai, kuɗin mota ya yi tsalle. Sau biyu na ce na haƙura.

Na shiga don takarda, amma wani abu ya same ni a hanya. A littafin halayyar yara na gane cewa hannun ɗan shekara uku bai nuna ba balle ya riƙe fensir ya cika shafi. Ni kuwa shekaru ina zane yara da tsumagiya saboda sun kasa rubuta ɗaya zuwa hamsin. Akwai wani yaro mai in'ina da ya daina zuwa saboda ni. Yanzu ina ganinsa yana tura baro a kasuwa, in kawar da kai. Ajina ya koma na tsakuwa da murafen kwalba da karan dawa, muna ƙirga da su, muna tatsuniya. Wasu iyayen sun yi ƙorafi cewa wasa kawai ake yi.

A makon jiya yarinyar da aka ɗauka ta taya ni raino ta nuna mini wata sanarwa a WhatsApp: bita ta kwana biyu, satifiket na ƙasa da ƙasa, dubu ashirin da biyar. Na ce ta biyo ni gida. Na buɗe akwati na ɗora mata takardar mai ruwan gwal a cinya. Na gaya mata ita ba ta da aure ba ta da goyo, ta nemi kwaleji ta zauna; tun 2024 akwai asusun NELFUND mai biya wa ɗaliban makarantun gwamnati kuɗin karatu, har da dubu ashirin duk wata na abinci, bashi ne amma babu ruwa a kansa. Sannan na ce ta kawo mini sakamakonta na sakandare in gani.

Ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin hijabi.

“Lissafi ne, Anti.”

Na ce ta zo bayan Magariba da littafi da biro, ta biya ta kanti ta sayo batirin fitila.