Lambun Bayan Gida

A unguwarmu ta Yakasai gidaje a matse suke, fili yana da wuya. Amma bayan gidanmu akwai wani ɗan kango, tsawonsa taku 12, faɗinsa taku 8. Da na ga cefane a Kasuwar Rimi yana neman ya fi ƙarfina, sai na ƙudurta in mai da kangon nan lambu.

Cikin watan Nuwamba, da sanyi ya fara, na kafce ƙasar, na zuba kashin awaki da toka, na ja fangali huɗu. Na shuka alayyafo da latas, na dasa tumatir da albasa. Safe da maraice 'ya'yana na jawo ruwan rijiya muna zubawa.

Amma ban yi shinge ba. Ran nan da hantsi sai awaki suka shiga, suka cinye tsiron ƙaf. Wani tsoho maƙwabcina ya ce, "Haba Malam, ai shinge ake yi kafin shuka."

Na kewaye wurin da kara, na sake shuka. Bayan mako huɗu uwargida ta yi mana miya da alayyafonmu. To, yara, in za ku fara lambu, ku fara da shinge.