Madarunfa: Baƙunci da Kare a Bakin Tabki

Ɗan kasuwar Maraɗi in ya ji an ambaci tashar jiragen ruwa, hankalinsa sai ya tafi Kwatano ko Lome ko Legas, can inda kayansa ke kwana cikin kwantena, shi kuwa yana nan yana ƙidayar kwanaki. Ƙasarmu ba ta da teku, wannan tun a lakwal aka koya mana. Amma kimanin kilomita 25 kudu da Maraɗi akwai wani gari inda jirage ke tashi da asuba su komo da hantsi, mata na jiransu a gaɓa da kwanoni, ƙarnin kifi kuwa ya bi tufafin baƙo har gida. Garin nan shi ne Madarunfa. Jiragensa na katako ne, masunta ke tuƙa su da sanda da filafili, kayan da suke saukewa kuma ba su wuce tarwaɗa da karfasa ba. Duk da haka wanda bai taɓa ganin teku ba, in ya tsaya bakin tabkin nan bayan damina mai albarka, ya ga abin da zai ba 'ya'yansa labari.

Tabkin na shan ruwansa daga Gulbin Gabi da Gulbin Maraɗi. Da damina ya batse, da rani ya janye ya bar wa masu lambu laka. Tsofaffi na cewa tun da aka gina madatsar Jibiya gulbi bai ƙara kawo irin ruwan da ba, ga kuma yashi da ke cike gindin tabkin a hankali. A 2006 hukumomin Nijar suka gabatar da shi ga UNESCO, tare da gandun dajin da ke kusa da shi da kaburburan waliyyai 99, cikin wuraren da ake fatan a lissafa su kayan tarihin duniya. A 2019 kuma aka sa shi cikin yarjejeniyar Ramsar mai kare wurare masu dausayi, da faɗin hekta 524.

Mai karatu, ni ba yawon buɗe ido ya kai ni ba, aike ne. Wani kawuna da ke noma da ɗan kiwo a wani ƙauye na bayan tabkin ya aiko mini cewa tsohon karensa ya mutu, a nema masa wani daga birni, mai ƙarfin murya. Na samo masa wani ja mai farar ƙafa, ɗan wata 10, da yaran unguwa suka laƙaba wa suna Ƙyale-su, irin sunayen habaicin nan da ake ba karnuka don maƙwabci ya ji. Na kai shi ma'aikatar kiwo aka yi masa allurar rigakafin hauka, aka ba ni ɗan karne mai hatimi. Cikin sanyin Disamba muka kama hanya.

Wahalar farko a tasha take. Da karen mota ya hango ni riƙe da igiya sai ya ɗaga hannu tun daga nesa.

"Mushe, wanga fa ba ya shiga."

Na ce masa ai na ga an loda awaki biyu da buhun barkono, ga kaji a ƙarƙashin kujera. Ya ce akuya dukiya ce. Wani dattijo da ke zaune gaba ya leƙo ta taga ya ce da shi: "Yaro, mota guda ba ta ɗaukar kare biyu, shi ya sa kake kishi." Tasha ta ɗauki dariya, dariyar ce kuma ta buɗe mana ƙofa. Aka shirya kan in biya kuɗin kujera biyu, in zauna can baya wajen kaya, kare kuma ya kwanta tsakanin ƙafafuna, kada ya kuskura ya taɓa rigar kowa. Wata hajiya ta tattare zanenta ta koma gaba, ba ta ce mini kome ba, amma kallon da ta yi mini ya isa. A Faransa kare tikitinsa ake yankar masa a jirgin ƙasa, a Turai ma har fasfo gare shi. Ban kawo wannan don in ce su suka fi mu hankali ba. Wanda zai yi salla da rigar da ke jikinsa yana da hujjarsa.

Hanyar ba ta da tsawo. An bi wadda ta nufi Ɗan Isa da Jibiya, an wuce ƙasar Jiratawa mai noman rani, sa'an nan a ratse. A shingen hanya aka duba katin kowa, aka ɗaga buhun barkono, aka leƙa ƙarƙashin kujeru. Karnen da na riƙo a aljihu kuwa, tun daga Maraɗi har na komo, ba wanda ya nemi ya gan shi.

Mun isa bakin ruwa da hantsi, daidai lokacin da jirage ke fitowa. Tsuntsaye sun rufe gefen tabkin: balbela da zalɓe, ga kirinjijiya garke-garke, ga wasu baƙi da ke gudo sanyin Turai su yi hunturu nan. Ƙyale-su, wanda bai taɓa ganin ruwan da ya fi na kwata ba, ya tsaya cik, ya yi wa tabki haushi sau biyu, da ya ga bai motsa ba sai ya koma bayana. Yara suka kewaye mu. Abin da ya ba su mamaki ba karen ba ne, igiyar ce. Kare a wurinsu abin jifa ne ko abin farauta, ba su saba ganin babban mutum mai takalmi sau-ciki yana jan sa kamar ragon layya ba.

Na so in ƙetare da jirgi don in rage tafiya. Masunci na farko ya ƙi, na biyu ya ƙi. Na uku, wani mai furfura, shi ya yi mini bayani cikin ladabi: "Ɗana, ba ƙinka muke ba. In matan can suka ga kare ya sauko daga jirgina, kifina na yau da na gobe sai dai in ci abina." Magana ce ta ciniki, kowane ɗan kasuwa zai gane ta. Amma a daidai wurin da yake faɗin haka, taku goma daga kwanonin matan, karnukan gari huɗu ne ke jan hanjin kifin da aka zubar, ɗaya duk ƙazuwa ta cinye masa baya. Na tambayi na wane ne. Aka ce na gari ne. Wannan amsa ita ce ta tsaya mini a rai cikin tafiyar duka. Da dare kowa na jin daɗin haushinsu, da rani samari na kwashe su zuwa farauta, amma ranar da ɗaya ya ciji yaro ba a samun mai shi.

Sai muka zagaya da ƙafa, ta gindin kukoki. Hanyar ta bi kusa da ɗaya daga kaburburan waliyyan da masu ziyara ke zo wa daga Nijar da Najeriya. Tun kafin a ce mini na ɗaure karen can nesa jikin wata ƙaya, na tafi na gai da malamin da na iske zaune a inuwa. Na zaci zai yi mini faɗa. Sai ya tambaye ni ko na ba dabbar ruwa tun safe.

Muka daɗe muna zance. Ya tuna mini cewa a mazhabar Imamu Malik, wadda muke bi, kare mai rai ba najasa ba ne, shi da yawunsa, wanke ƙwaryar da ya yi lallagi a ciki sau bakwai kuwa bin umurni ne. Shari'a ta yarda a riƙe shi don farauta da tsaron dabbobi da gona. Ya kuma ba ni labarin da malamai ke bayarwa game da Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, mai littafin Risala da almajiranmu ke karantawa, wanda ya rasu a 996: katangar gidansa ta faɗi a zamanin tsoro, ya ajiye kare, da aka yi masa magana cewa Malik bai so haka ba, sai ya amsa da cewa da Malik ya ga wannan zamani da zaki zai ajiye. Malamin ya yi murmushi, ya nuna kudu da haɓa, wajen dajin Baban Rafi da iyaka. Bai ƙara kome ba, ni ma ban nemi ƙari ba. Tun wajen 2019 ƙauyukan Gabi da Safo da Ɗan Isa suka san ɓarayin shanu da masu satar mutane don kuɗin fansa, a shekarar ce kuma dubban 'yan gudun hijira daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka shigo jihar Maraɗi. Kare ba ya tare harsashi, amma yana ba mai gida ɗan lokacin da zai tada iyalinsa.

To, in har muna bukatarsa haka, ya kamata mu dubi abin da ke bakinsa. Ciwon haukan kare na kashe mutum kimanin dubu 59 kowace shekara a duniya, bisa ƙiyasin hukumar lafiya ta duniya OMS, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma kusan huɗu cikin goma yara ne da ba su kai shekara 15 ba. Kusan duka daga cizon kare ne. Mugun halin ciwon shi ne jinkirinsa: rauni ya warke, a manta, sai bayan wata biyu ko uku yaro ya fara tsoron ruwa, ya kasa haɗiye yawu. In an kai nan, likita ba shi da abin yi. Alhali tun 1885 Louis Pasteur ya yi wa yaro na farko allurar da ta cece shi, mu da muka zauna lise duk mun haddace wannan don jarrabawa. Abin da ba a koya mana ba shi ne na yau da kullum: a wanke wurin cizon da ruwa da sabulu har minti 15, a tafi gidan likita ranar, ba gobe ba, karen kuma in an san shi a tsare shi kwana 10 a ga halinsa. A bakin tabkin wani saurayi ya tabbatar mini cewa maganin cizo shi ne a ƙona gashin karen a shafa. Na ce masa ya shafa in yana so, amma bayan sabulu, kuma a kan hanyar likita.

Masana sun ce in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri allura, ciwon na yankewa. Ga ganina nan ne aikin ma'aikata yake. Kowace shekara ana fita rangadin rigakafin shanu da awaki da tumaki, domin su dukiya ne, kamar yadda karen mota ya faɗa. Me zai hana motar da ta kai allurar shanu ƙauye ta riƙa tafiya da ta karnuka? Allurar kare guda ba ta kai kusa da kuɗin alluran mutum guda da aka ciza ba, balle kuɗin mota zuwa Maraɗi da kwanakin da uba zai bar gonarsa. Sai dai kafin nan dole mai gari ya iya cewa wanga na wane ne, wancan na wane.

Masu cewa kare ba dukiya ba ne ma ba su bi hanyar kudu ba. A Dawaki, cikin ƙaramar hukumar Kanke ta jihar Filato, akwai babbar kasuwar karnuka, ana tara su daga arewacin Najeriya har da ƙasarmu, a loda su cikin keji zuwa Kalaba da Akwa Ibom inda ake cin namansu. Likitocin dabbobi na Najeriya sun sha samun ƙwayar ciwon hauka cikin ƙwaƙwalwar karnukan da ake yankawa a irin waɗannan wurare. Ashe kare na ƙetare iyaka ya yi tafiyar da ta fi tawa nesa ba kusa ba, ba karne, ba hatimi.

Mun isa gidan kawu da la'asar sakaliya. Ya duba haƙoran karen, ya ɗaga ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya kamar mai sayen doki, ya ce ƙirjinsa ya yi, amma ɗan birni ne, sai an ga dare. Aka ɗaure shi gindin turken awaki, ɗiyar kawu ta kawo masa ragowar tuwo cikin wani fasasshen kasko da ba mai ƙara ci a cikinsa. Dare ya yi sanyi ƙwarai, iska na tasowa daga tabki. Can wajen tsakar dare karnukan wani ƙauye suka fara haushi daga nesa, na kusa suka karɓa, sai na ji Ƙyale-su ya sa baki, da farko a tsorace, daga baya da dukan ƙarfinsa. Na ji kawu ya tashi, ya ɗauki tocila ya zagaya garke, ya komo. Ba kome ba ne, ko dila ce ko wani mai tafiyar dare.

Da safe na miƙa masa karnen, na ce baɗi war haka sai a kai shi ma'aikatar kiwo ta Madarunfa a sake masa allura.

"Kawu, ka adana takardar nan, ranar na ciki."

Ya juya ta gaba da baya, ya maido mini. Ya ce takarda a ɗakinsa gara ke ci, in ɗauki gawayi in rubuta ranar jikin rumbu, ta gefen da ruwan sama ba ya bugu, da manyan baƙaƙe yadda jikansa mai zuwa lakwal zai iya karanta masa. Na rubuta, yaron ya karanta da ƙarfi sau biyu, sa'an nan ya ɗauki keke ya kai ni bakin hanya.