Ɗigon kilim ɗina da katangar Inna

Yau ba labarin kowa na kawo muku ba. Nawa ne, kuma ni ne mai laifi a ciki.

Masu saurarena kun san yadda nake tsare mutane duk damina: ku share kwata, ku kife gwangwani, kar ku bar ruwa shi kwanta. To ashe ina faɗi a rediyo, abin da nake hanawa shina faruwa bayan ɗakina.

Bara, cikin watan Afrilu, da zafi ya haura digiri 40 har cikin inuwa, na haɗa ƴan kuɗina na sayi kilim na hannu. Wani mai gyaran firigo ya zo ya kafa mani shi, rabi cikin ɗaki, rabi waje. Ya huda bango, ya fidda wani siririn tiyo da bai fi kamu biyu ba, ya bar shi shina lilo ta lungun baya. Na ce wannan fa? Ya ce: "Ɗan ruwa ne ke hita, ba komi." Na duba, gaskiya ɗigo ne jefi-jefi, da ya taɓa ƙasa rana ta shanye shi. Na manta da zancen.

Ga abin da ban sani ba a lokacin. Kilim ba a zuba mashi ruwa, daga iskar ɗaki yake tatso shi. Kun ga yadda kwalba mai sanyi ke gumi in anka fiddo ta daga firigo? Haka ƙarfen da ke cikin kilim ke yi. Iska ta bi ta kansa, damshin da ke cikinta ya koma ruwa, ya ɗiga cikin wani ɗan faranti, tiyo ya kai shi waje. Da bazara iskarmu busassa ce, shi ya sa ruwan bai da yawa. Amma da damina ta kankama, Yuli da Agusta, kilim na ɗaki guda na iya fidda lita 1 ko fiye cikin awa. Dare guda na awa 8, kusan rabin bido mai lita 20 ke nan.

Lungun nan matsattse ne, kuma katangar da ke fuskantar ɗakina ta Inna ce, wata dattijuwa maƙwabciyata da ke riƙe da jikoki uku. Katangar ƙasa ce, mijinta ya gina ta kafin shi rasu. Duk daren da anka bar muna wuta, ni ina barci cikin sanyi, ruwana na gangarawa shina kwanciya a gindinta. Ruwan sama in ya jiƙa laka, rana kan busar da ita. Wannan wurin kam bai taɓa samun bushewa ba. Gindi na laushi, sama na nan da nauyinta.

Wani dare cikin Agusta anka yi ruwa mai ƙarfi, sai munka ji rugum! Katangar ta faɗa cikin gidan Inna, daidai rumfar da jikokin ke kwana in babu hadari. Allah ya kiyaye, ruwan ya sa ta shigar da su ɗaki tun da wuri. Akurki da randa biyu ne sunka tafi.

Da safe kowa ya ce damina ce. Ni ma na ce Allah shi kiyaye gaba. Sai da magini ya zo ya tona gindin, ya ja ni gefe. Ya nuna mani sauran katangar, cikinta a bushe. Ya nuna mani inda ta karye: laka kamar kunu, gansakuka ta yi kore, ga ƴaƴan sauro na wutsil-wutsil cikin ɗan gurbin da ɗigon ya haƙa. Ya ɗaga kai ya dubi tiyona, ya ce: "Malam, damina ta ƙarasa aikin, amma ba ita ta hwara ba."

Na yini ina tunanin in yi shiru, tunda kowa ya ɗora ma ruwan sama. Bayan la'asar na kasa, na shiga na durƙusa na ce: "Inna, ni na kada maki katanga." Abin da ta ce ya fi zagi ciwo. Ta ce: "Ɗana, na daɗe da ganin ruwan ga. Kunya ta hana ni hwaɗi, kar a ce ina ma baƙin cikin sanyin da kake sha."

Na sayo simintin Malbaza anka zuba ma gindin, anka tada katangar. Sannan na kira wani mai gyara daban, na tsaya a kansa ina tambaya kamar ina hira da baƙo a fili. Ga abin da na koya.

Na farko, gangara. Babu injin da ke tura ruwan nan, da kansa yake sauka. Tiyo shi riƙa yin ƙasa aƙalla santimita 1 a kowace mita, 2 ya fi. In ya yi ciki ko ya hau sama a wani wuri, ruwa shina tsayawa nan.

Na biyu, inda zai ƙare. Kar shi ƙare a lungu, ko gindin bango, naka ko na wani. Ni na ƙara tiyon roba mai kauri na juyo shi cikin gidana, gindin zogala, yanzu har kwaɗo muke yi da ita. Mai tara shi a bido shi rufe bakin, kar tiyon shi nutse cikin ruwan, kuma shi juye kullum. Sauro mako guda zuwa kwana 10 ya ishe shi daga ƙwai zuwa mai cizo.

Na uku, toshewa. Ƙurar hunturu na taruwa a ragar kilim, ta sauka cikin farantin ta zama taɓo. Watannin sanyi da ba a kunna shi kuwa, zanzaro na iya gina ɗakinsa a bakin tiyo. A wanke raga duk mako biyu. Kafin bazara, a kashe wuta, a zuba ruwa kofi guda cikin farantin, a leƙa waje a ga ko ya fito. In kun ga ruwa na bin bango ta cikin ɗaki, tiyo ya toshe. Ku fara yanke kuran kafin ku taɓa komi.

Na huɗu, ruwan ba na sha ba ne, ba na girki ba. Idonka na ganin shi fes, amma ya wanko ƙura da ƙwayoyin cuta. Ban ruwa da goge ɗaki, nan ya tsaya.

Da na ba wani abokina da ke Faransa labarin, dariya ya yi. Ya ce su ma tukunyar gas da ke ɗumama masu gida tana fidda ruwa haka, mai ɗan tsami, shi ya sa tiyon roba ake sa mata. In tiyon na waje ya daskare da sanyi, tukunyar sai ta tsaya cik. Su ƙanƙara, mu ƙura, amma ƙaramin tiyon nan ne dai.

Tun da anka buɗe tashar sola mai megawat 7 a Malbaza a 2018, ga kuma faranti na sola a kan rufin mutane, a idona kilim sai ƙaruwa yake. Ku bi bakin kwalta a Ƙonni ku duba bayan shaguna, ku ƙirga tiyon da ke ɗiga. Da yayyafi kogi kan cika.

Mai kilim, daren yau ka ɗauki tocila ka zagaya bayan ɗakinka, ka ga inda ruwanka ke zuwa. Mai katangar ƙasa kuma, don Allah kar ka yi kunya irin ta Inna, je ka yi sallama ka faɗi. Ni katanga na biya. Da babu hadari a daren nan, abin da zan biya ba a sayar da shi a kasuwa.

Allah shi ba mu damina mai albarka, shi bar mu lahiya da maƙwabtanmu.