Kular Kirsimeti Da Ta Kwana Ashirin A Ɗakinmu

Ran 25 ga watan Disamba na shekarar 2024, wajen ƙarfe ɗaya na rana, wata yarinya 'yar shekara tara ta yi sallama a ƙofar ɗakinmu da kula a kanta, ta durƙusa ta ce, "Baba, in ji Kaka, ga abincin Kirsimeti." Uwargidana ta karɓa ta buɗe, sai ga shinkafa dafa-duka da cinyar kaza biyu a bisa. Na laluba aljihu na ba yarinyar naira 200 tukuici, muka ci muka ƙoshi, aka wanke kula aka kife ta a kan kabad. A nan fa ta zauna har kwana ashirin cur. Labarin waɗannan kwanaki na ke so in ba mai karatu yau, ko da ya ke ba labari ba ne da zai ƙara mini daraja a idon jama'a.

Amma bari in fara da garin, domin wanda bai san Masaka ba ba zai gane nauyin shinkafar nan ba. Masaka tana kan hanyar Abuja zuwa Keffi, bayan an wuce Nyanya da Mararaba da Ado. A takarda ƙasar Jihar Nasarawa ce, cikin Ƙaramar Hukumar Karu, amma in mutumin Masaka ya je garinsu aka tambaye shi inda ya ke zaune, Abuja zai ce, kuma ba a ce ya yi ƙarya ba, tun da a can ya ke yini, barci kaɗai ke maido shi gida. Tun sa'ad da aka ɗauke babban birnin ƙasa daga Ikko ran 12 ga Disamba 1991, balle kuma bayan rushe-rushen gidajen da aka yi a Abuja tsakanin 2003 da 2007, duk wanda kuɗin hayar cikin birni ya fi ƙarfinsa sai ya gangaro nan. Ga Gbagyi masu masauki, ga Hausawa, ga Eggon da Mada da Tibi, ga Ibo da Yarbawa, ga mutanen Filato da na kudancin Kaduna, kusan kowa da Hausa ya ke ciniki a kasuwa. Masinja da direba da ɗan sanda da malamin asibiti da ɗan jarida irina, tun kafin gari ya waye muna bakin titi muna kokawar mota, don mu riga cunkoson Mararaba.

Gidan da mu ke haya ɗaki goma sha biyu ne a jere, suna fuskantar juna, tsakar gida ɗaya, rijiya ɗaya wadda kan ja baya da rani har sai mun koma wa 'yan ga-ruwa. Mai aiko da kular nan tsohuwa ce daga kudancin Kaduna, duk gidan Mama mu ke ce mata. Mijinta masinja ne a wata ma'aikata, ya rasu da daɗewa, ya bar ta da jikoki biyu. Sana'arta ƙosai da kunu, a bakin titi, daga asuba zuwa hantsi, masu sammakon zuwa aiki su ne masu sayenta. Kowace shekara in Kirsimeti ta zo, wurin mahaucin unguwa ta kan aika da kajinta ya yanka, don maƙwabtanta Musulmi su ci ba da wani ɗar-ɗar ba. Ba wanda ya ce ta yi haka, ita ta ga ya dace.

Ita kuwa waccan shekarar ba irin sauran ba ce. Tun da aka janye tallafin mai ran 29 ga Mayu 2023 kome ya tashi, har litar fetur ta haura naira 1,000 a watan Oktoba 2024. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce tsadar kaya ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a watan Disamba. Mafi ƙanƙantar albashi, wanda aka mai da shi naira 70,000 a watan Yuli, bai isa sayen buhun shinkafa ɗaya ba. Cikin wannan hali ne mai tuyar ƙosai ta dafa shinkafa da kaza ta raba wa ɗakunan maƙwabta.

To, a al'adarmu ba a mai da kwano haka nan. Uwargidana Bazazzagiya ce, a gidansu ko gishiri aka aiko da shi a faranti sai an ɗora wani abu kafin a mayar. Ta ce mu dakata har a sami abin kirki da za a zuba. Ni ma na yarda, don a raina na riga na auna: shinkafa da kaza aka kawo, lalle abin da zai koma kada ya kasa haka. Sai dai albashin Disamba an biya mu tun kafin hutu, kamar yadda a kan yi, muka kuwa kai shi gida wajen bikin ƙanwata, muka komo Masaka aljihu fayau. Ga mai gida yana jiran kuɗin haya, ga makarantu za su buɗe. Ma'aikata kan ce watan Janairu kwana sittin gare shi, ni dai a shekarar na gaskata su. Yau mu ce gobe, gobe mu ce jibi.

Abin da ya fi ba ni kunya ba rashin kuɗin ba ne, yadda na koma ne. Da can in na fito da asuba na kan tsaya wurin Mama mu gaisa, in tambayi jikoki, wani lokaci in sayi ƙosan ɗari biyu. Daga ranar da kular ta cika mako a ɗakinmu sai na fara bi ta bayan masallaci, ina fita titi ta wata kwana dabam. In muka yi kiciɓis a tsakar gida, gaisuwar a tsaitsaye, ina duban agogo kamar mai sauri. Na zama mai cin bashi yana gudun mai binsa, alhali baiwar Allah ba ta bi ni kome ba. Ko "an gode" ta baki da baki ban yi mata ba, domin a ganina godiya ba ta cika sai da abin hannu.

Na daɗe ina tunanin inda muka samo wannan hali. Iyayenmu mata suna da abin da su ke kira biki, watau gudummawar da ƙawa ke kai wa ƙawarta ranar aure ko suna, ita kuma in nata ya zo a ninka mata, haka za a yi ta ninkawa har ya yi nauyi a koma a fara daga ƙasa. Tsohuwar al'ada ce, wanda ya karanta labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta aka buga a 1954, zai ga yadda zumuncin ƙawaye ya ke tafiya da musayar kyauta tun zamanin kakanninmu. (Karo ta ƙasar Zazzau fa, ba Karu tamu ba.) Biki yana da amfaninsa, asusu ne na marasa banki. Amma kowa ya san bashi ne, ana riƙe lissafinsa a ka, wasu ma a littafi. Kuskurenmu shi ne mun ɗauki ma'aunin biki mun ɗora wa kowace irin kyauta, har ta maƙwabtaka, wadda mai yinta bai buɗe mata littafi ba. Hausawa sun ce yaba kyauta tukuici. Ni na ba 'yar aike nata tukuicin, yabon da ya kamaci mai kyautar kuwa na riƙe shi ina jiran albashi.

Ran Talata 14 ga Janairu 2025 ban je ofis da wuri ba. Hunturu ya sauko sosai, hazo ya rufe duwatsun da ke bayan gari, masu gadi da almajirai sun kewaye wuta a bakin shaguna. Na manta na bi tsohuwar hanyata, sai ga ni a gaban Mama. Abu biyu na gani. Yarinyar nan da ta kawo mana abinci tana zaune tana miƙa itace a murhu, ƙarfe takwas ta wuce, ba kayan makaranta a jikinta. Sa'an nan kunun Mama yana cikin bokitin roba, an naɗe shi da tsohon zane da buhu don kada ya huce, wani direba kuwa yana mita wai kunun yau ba zafi. Ashe kular da ke kife a kan kabad ɗinmu ita ce babbar kular sana'arta.

Na koma ɗaki na ɗauko ta. Uwargida ta ce, "Haka za ka kai ta, ba kome a ciki?" Na ce haka zan kai ta. Na jira Mama ta tashi daga kasuwa, na yi sallama a ƙofarta, na durƙusa na ce, "Mama, ga kularki. Mun ci abinci, mun gode, Allah ya saka da alheri. Ki gafarce mu, kunyar maido ta haka ce ta sa muka riƙe." Ta dube ni ta daɗe, sa'an nan ta yi dariya har da tafa hannu. Ta ce, "Ɗana, ashe abin ke nan? Ni da na ga ka daina bi ta wurina, ce na ke ko wani ya gaya maka ba kyau cin abincinmu, kun zubar, kuna jin nauyin faɗa mini. Shi ya sa ban aiko a karɓa ba, kada in ƙara muku."

Jama'a, maganar nan ta fi mari zafi. A ƙasar da ƙaramin zato tsakanin Musulmi da Kirista ya sha zama babbar wuta, ni da na ke rubuta labaran irin wannan wuta a jarida, na bar tsohuwa kwana ashirin tana zaton mun ƙyamaci abincinta. Shirun da na ɗauka kara ce, ita wata fassara ta yi masa, kuma ba laifinta ba ne, wanda aka bari cikin duhu da abin da hannunsa ya taɓa ya ke aiki.

Da na tambayi zancen yarinya, sai ta ce an koro su ne ita da ƙanenta, kuɗin zango na biyu bai cika ba. Ciniki ya mutu tun tsakiyar Disamba, domin rabin Masaka kan watse zuwa garuruwansu hutu, waɗanda suka komo kuwa kowa na ƙulle da aljihunsa. A nan na tuna da wani labari da ya ratsa ta teburina a ofis makonni uku kafin nan. Ran 21 ga Disamba 2024 mutum goma suka rasu a turmutsitsin rabon abinci a wata majami'a da ke Maitama, a ranar kuma aka yi irinsa a Okija ta Jihar Anambra, kwana uku kafin nan yara 35 suka mutu a Ibadan. Masu rabon alheri suka nufa, ba mai musun wannan. Sai dai mun saba tara kyautarmu duka a rana ɗaya da wuri ɗaya, ko Kirsimeti ko Salla, kamar yunwa ma tana duban kalanda. Ko ranar 26 ga Disamba da mu ke hutu, wadda muka gada daga Ingila, an ce asalinta ranar da masu hali ke ba barorinsu da matalauta akwatin kyauta ce, sau ɗaya a shekara. In an kwashe rumfuna, masu ɗaukar hoto sun tafi, sai Janairu ya shigo da kuɗin makaranta da na haya, a sa'an nan kuwa ba wanda ke yawo da kula a ka.

Ina so in ce na zaro kuɗi na biya wa yaran, amma abin da ke aljihuna ran nan bai wuce na mota zuwa ƙarshen mako ba. Dabarar daga uwargida ta fito, ita da ta hana mai da kula. Matan gidan suna da adashi na wata-wata, kwasarta ƙarshen Janairu ce, ta Mama kuwa sai Afrilu. Ta je ta sami uwar adashi ta ce a musanya. Ko kwabo ba mu yi hasara ba, illa dai keken ɗinkin da ta ke buri ya ƙara jiran wata uku, ni kuma na je na roƙi mai gida ya ɗaga mini ƙafa mako biyu, ya yi 'yan gunaguni ya yarda. Mama ta kai wa shugaban makarantar maganar ranar kwasa, yara suka koma aji kafin mako ya fita. Nawa aikin bai wuce ɗaukar mata kasko da buhun gawayi zuwa bakin titi in zan fita da asuba ba, tun da hanyarmu ɗaya, da duba wa yarinyar aikin gida na lissafi ran Lahadi da yamma, inda na gano ashe na manta raba dogon lissafi.

Azumin shekarar ya kama ran 1 ga Maris, nasu Mama na kwana arba'in kuma ya biyo baya ran 5 ga wata. Ranar da muka kai azumi uku, ana gab da kiran magariba, sai ga sallama a ƙofa, yarinyar nan ce da kular a ka, kunun tsamiya mai zafi da ƙosai a leda. Uwargida ta juye a kwanonmu, ta ɗauraye kular nan take, ta duba ɗaki ba ta ga abin sawa ba sai dabino guda bakwai, ta jefa a ciki. Na karɓa na kai da kaina, na tarar Mama tana tsince waken gobe a faifai. Ta buɗe ta ƙirga dabinon, ta ce jikoki biyu ne, bakwai ba ta rabuwa, gobe in ƙaro ɗaya.